Kek Mai Siffa: Yadda Za Ki Gina Shi a Gida Ya Tsaya da Ƙafarsa

Zamanin da ake kawo kek a zagaye da sunan yaro a samansa kawai ya fara wucewa. Yanzu yaro zai ce mota yake so, yarinya ta ce 'yar tsana mai baza riga, ƙawayen amarya su ce a yi musu akwati ko jakar hannu. Masu sana'ar suna karɓar kuɗi mai kauri, kuma ba su yi zalunci ba, don aikin na cin lokaci da ƙarfi. Amma duk wadda ta iya gasa kek na yau da kullum za ta iya wannan, muddin ta gane cewa kek mai siffa gini ne: harsashi tukuna, sai ginshiƙi, sai yaɓe, fenti ne ƙarshe. Yawancin kek ɗin da ke durƙushewa a gaban baƙi, tun daga ciki aka samu matsala, adon waje bai da laifi. Ga abin da zai rage miki wahala.

1. Fara da siffar da ta zauna daram. Akwati, littafi, hula, ƙwarya a kife, mota, jaka mai faɗin gindi, duk nauyinsu a ƙasa yake, ba sa neman faɗuwa. Raƙumin dawa mai dogon wuya da takalmi mai tsini a bar su sai hannu ya faɗa. Kada shirye-shiryen talabijin su ruɗe ki. Irin su Cake Boss, da aka fara nunawa a 2009 daga gidan kek na Carlo's da ke Hoboken a Amurka, manyan kek ɗinsu cike suke da katako da ƙarfe da bututun roba a ciki, ga ɗakin sanyi, ga ma'aikata rututu. Ke kuwa daga ke sai teburin kicin.

2. Ji ta bakin masu biki kafin ki kunna wuta. Akwai gidajen da ba sa son surar mai rai ko da ta sukari ce, tambaya ɗaya za ta raba ki da ɓacin rai. In na walimar sauka ne aka ce a yi siffar allo, ki tsaya a sunan mai sauka da fatan alheri. Kada a rubuta aya a kan abin da za a sa wa wuƙa, ragowarsa kuma ta ƙare a kwandon shara.

3. Zana shi a takarda da ainihin girmansa. Zane biyu kike bukata: yadda zai fito in an kalle shi daga gefe, da yadda zai fito daga sama. Manna su a kwali mai tsabta ki yanke da almakashi, wannan kwalin ne zai riƙa nuna wa wuƙa hanya. In mota ce, ɗauko motar wasan yaron ki ajiye a gabanki, don ido yana manta inda gilashi ya karkata da inda taya ta shige.

4. Yi ƙarami na kallo, ki yi babba na rabo. Sassaƙa tana cin kek, don haka a kullum ki gasa fiye da abin da zanen ya nuna. In baƙi hamsin ake sa rai, kada ki ce sai motar nan ta ishe su duka. Yi ta daidai ƙarfinki, ki gasa wani shimfiɗaɗɗe a tire ki yayyanka a kicin. Mai taunawa ba ya tambayar daga ina aka yanko.

5. Raba aikin kwana uku. Ranar farko gashi da haɗa fondan (ƙullun sukarin da ake lulluɓe kek da shi) da ƙera ƙananan kayan ado, rana ta biyu jeri da sassaƙa da yaɓe, ta uku lulluɓi da kwalliya. Kek ɗin da ya kwana ya fi na yau jure wuƙa, kuma in wani abu ya ɓaci akwai sauran lokacin gyara. Wadda ta fara da asubar ranar biki, ita da kek ɗin duk a jigace za su isa wurin.

6. Gasa kek mai jiki. Kek mai laushi kamar soso yana da daɗi da shayi, amma da an ɗora masa nauyi zai lotse. Wanda ake so shi ne mai ma'auni daidai wa daida: bota giram 500, sukari giram 500, fulawa giram 500, ƙwai matsakaita 10, da ƙaramin cokali 2 na bekin hoda. Buga bota da sukari har su yi haske, ki riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa kuma ki juya ta a hankali ki tsaya da zarar ta ɓace a cikin ƙullun. Kada ki sa zabibi ko gyaɗa a wannan karon, domin wuƙa na kama su ta yago kek ɗin. In za ki sayi kayan aiki ɗaya tak, ƙaramin sikeli ne. Awon gwangwani yau ya cika gobe ya rage.

7. Faifai-faifai ya fi dunƙule ɗaya. Ƙullun da aka tula a gwangwani mai zurfi yakan ƙone a gefe alhali cikinsa ɗanye. Raba shi gida biyu ko uku, kowanne kada ya wuce santimita 5 in ya tashi, ki gasa a wuta 160 zuwa 170 a ma'aunin Selshiyos har tsinke ya fito ba danshi. Mai gasawa a tukunyar yashi ma ba a bar ta a baya ba: bari yashin ya ɗau zafi sosai tukuna, ki ɗora gwangwanin a kan duwatsu ko wani ƙarfe don gindinsa kada ya taɓa yashin, ki rage wuta, kuma kada ki ɗaga murfi a rabin awar farko.

8. Leƙa kwanukanki kafin ki tafi kasuwa. Kwanon silba mai zurfi shi ke ba da siffar ƙwarya, rigar 'yar tsana ko hula, biyu kuma in an haɗa su baki da baki sun zama ƙwallo. Gwangwanin madara da aka wanke tas yana ba da hasumiya ko ƙaramin ganga, biskit zagayayye mai cakulan kuwa taya ce da aka riga aka ƙera miki. Duk siffar da kwano ya fitar da ita, kin huta da sassaƙa ta.

9. Kada wuƙa ta taɓa kek mai ɗumi. Bari ya huce sarai, ki naɗe shi a leda, ki sa a firij ya kwana, ko a firiza na awa ɗaya zuwa biyu. Sanyi yana daskarar da botar da ke ciki, sai kek ya yanku sumul maimakon ya riƙa marmashewa. In babu wuta, kula da ƙanƙarar da aka ƙulle a leda za su yi aikin, ki dai sa tire a tsakani don ruwa kada ya same shi. Kada kuma ya daskare ya koma ƙanƙara, nan wuƙa ke zamewa ta samu yatsa.

10. Samo katako mai ƙwari na zama. Kek mai hawa uku da yaɓe da fondan yana kai kilo da yawa, kwali kuwa da an ɗaga shi zai lanƙwashe, kek ya tsage daga ƙasa. Kafintan unguwa zai yanko miki falanki daga ragowar aikinsa da ɗan kuɗi kaɗan. Ya fi kek ɗin faɗi da kamar santimita 5 ta kowane gefe. Lulluɓe shi da takardar foyil, ki shafa ɗan kirim a tsakiya kafin ki ɗora faifan farko don ya manne.

11. Aske tozon, ki sa kirim siriri a tsakani. Kowane faifai ki yanke kumburin samansa ya zama a miƙe, in ba haka ba ginin zai fara karkata tun daga hawa na biyu. Kirim ɗin tsakani kada ya wuce rabin santimita. Jam da 'ya'yan itace santsi gare su, a ajiye su sai ranar kek na zaman gida.

12. Kafa ginshiƙai. Wannan shi ne abin da sababbin hannu suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kunyata su. Da zarar tsayi ya kai santimita 10 zuwa 12, ki soka ginshiƙai huɗu ko biyar a cikin kek ɗin har su taɓa katakon ƙasa, ki yanke su daidai da saman kek, duk tsayinsu ɗaya. Ɗora kwali mai kauri da aka naɗe da foyil a kansu, sannan ki ci gaba da jeri. Da haka nauyin sama zai bi ta ginshiƙai ya sauka a katako, kek ɗin ƙasa ya huta. Robar zuƙar lemo mai kauri tana yi, siraran sanduna na katako ma suna yi, ko tsinken tsire uku-uku a haɗe. In ginin dogo ne, feƙe sanda ɗaya ki soka ta daga sama ta ratsa kwalayen duka, ita ke hana hawa-hawan zamewa gefe.

13. Sassaƙa kaɗan-kaɗan. Wuƙar burodi mai haƙora ita ce ta manyan yanka, ƙaramar wuƙa mai kaifi ta lunguna. Jingina kwalin zanenki a jikin kek, ki bi gefensa kina ja da turawa ba tare da dannawa ba. Fara da fitar da babbar siffar, sannan ki zagaye kusurwoyi, kina ja da baya lokaci-lokaci ki hango shi daga nesa. Ki tuna yaɓe da fondan za su ƙara masa jiki, don haka ramuka irin na taya da taga ki zurfafa su fiye da yadda kike son su fito. In kin ji kek ya fara sakin jiki, mayar da shi firij na minti 20.

14. Kada ki raba wa yara ɓarɓashin tukuna. Murmushe guntayen da kika yanke, ki cuɗa da ɗan kirim har su dunƙule a hannu. Da wannan ake cike inda wuƙa ta zarce, a ɗaga hancin mota, a kumbura gefen jaka. Abin da ya rage bayan an gama, a mulmula shi ƙwallo-ƙwallo, shi ne ladan masu wanke-wanke.

15. Abin da zai tsaya a sama ya zama marar nauyi. Hannun jaka, bututun jirgi, kan hasumiya, ba dole ne su zama kek ba. Mazubin askirim na biskit in an kife shi ya zama rufin hasumiya, biskit mai tsawo ya zama ƙofa ko benci. Masu sana'a kan haɗa Rice Krispies da narkakken mashmalo su danne shi ya zama kowace siffa, ga sauƙi ga ƙwari.

16. Yaɓe biyu ake yi. Na farko siriri ne, aikinsa kama ɓarɓashi da toshe ƙofofi, ko ana hango kek ta cikinsa ba komai. Sa a firij na rabin awa, sannan ki yi na biyu mai ɗan kauri ki goge shi sumul. Wurare masu lanƙwasa wuƙa ba ta bin su, sai ki yanko murfin roba mai laushi ko jikin gorar ruwa ki riƙa shafewa da shi. Ki ɓata lokaci a nan, domin fondan ba ya rufa asiri. Duk ƙurjin da kika bari zai fito a samansa ƙarara.

17. Duba yanayin gari kafin ki zaɓi abin yaɓe. Bota ta ainihi tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, a watan Afrilu kuwa Kano da Sakkwato da Maraɗi suna haura 40. A irin wannan lokaci ganash ya fi amana: cakulan baƙi kashi biyu, kirim ɗin madara kashi ɗaya, a ɗumama kirim ɗin a zuba a kan yankakken cakulan, a juya, a bar shi ya yi kauri. In farin cakulan ne, kashi uku da ɗaya, da tsananin zafi a ƙara cakulan. Yana daskarewa ya zama ɓawo mai riƙe siffa. In aljihu bai kai ba, haɗa bota rabi da farin man gashi irin Crisco rabi, ki sa garin sukari ninki biyu na nauyinsu. Bai kai bota zalla daɗi ba, amma ba zai zube miki a hanya ba.

18. Haɗa fondan ɗinki da kanki, ki duba jelatin ɗin. Jiƙa jelatin babban cokali ɗaya da rabi a ruwa mililita 60, ki narkar da shi a kan tururi ba tare da ya tafasa ba. Zuba gulukos rabin kofi, gilisarin babban cokali ɗaya, farin man gashi cokali biyu, sannan ki cuɗa da tankaɗaɗɗen garin sukari kusan giram 900 har ya daina kama hannu. Ƙulle a leda ya kwana. Da yawa daga jelatin da mashmalo na ƙasashen waje da fatar alade ake yin su, saboda haka ki karanta jikin kwalin, ki nemi mai tambarin halal ko wanda aka rubuta na shanu ne ko na kifi.

19. Sa launi tun jiya. Launi mai kauri irin na manna ya fi na ruwa, don na ruwa yana sa fondan ya yi danƙo. Ɗebo shi da bakin tsinken sakace, ɗigo-ɗigo. Ja da baƙi suna ƙara turuwa in sun kwana, kuma in kika tula su lokaci guda ɗaci za su yi. Baƙi ki faro shi daga fondan da aka cuɗa da garin koko, zai kai da launi kaɗan.

20. Auna da zare, ki murza sau ɗaya. Ja zare daga gindin kek ta wannan gefe, ya hau sama ya sauka ɗaya gefen, ki ƙara ɗan rara. Faɗin da za ki murza ke nan. Barbaɗa garin kwanfulawa kaɗan a tebur, ki murza fondan ya kai kaurin milimita 3 zuwa 4, ki naɗo shi a jikin abin murzawa ki shimfiɗa. Fara lallashin sama da tafin hannu, sannan ki bi gefe kina buɗe tattarar kina shafawa ƙasa. In iska ta shige, huda wurin da allura mai tsabta ki danne. Siffa mai kusurwa kamar akwati ko littafi kuwa, kada ki wahalar da kanki da lulluɓi ɗaya: yanka kowane gefe daban ki manna, ki ɓoye mahaɗar da zaren fondan kamar ɗinki ne.

21. Damina da hunturu kowanne da halinsa. Sukari yana jan danshi, shi ya sa da damina fondan ke yin gumi yana sheƙi. Kunna masa fanka, kada ki taɓa shi, zai bushe da kansa. Haka ma in ya fito daga firij ya yi raɓa. Da hunturu kuwa bushewa yake yi ya tsattsage tun kina murzawa, sai ki shafa farin mai a hannu ki sake cuɗa shi, ki yi sauri, abin da ba ki kai kansa ba ya zauna a leda.

22. Ƙananan kayan ado su riga kek bushewa. Makullin akwati, madubin mota, fure, kambi, duk a ƙera su kwana biyu ko uku kafin biki. Cuɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin CMC a fondan rabin kilo, zai bushe da ƙarfi; ɗan garin nan kuma in an jiƙa shi a ruwa ya kwana, ya zama gam ɗin mannawa. In abu yana bukatar ƙashi a ciki, ɗanyar taliya ta fi tsinke, ko yaro ya tauna ta ba abin da zai same shi. Waya kuwa kada ta shiga jikin kek kai tsaye.

23. Fenti ba sai da barasa ba. Za ki ga masu koyarwa a YouTube suna dama garin zinare da giya don ta fi saurin bushewa. Ɗigon ruwan lemon tsami ko ruwa zalla zai yi, sai dai ki tsane burushin sosai, ki bar shafi na farko ya bushe kafin na biyu. Burushin kuma sabo ne, na kek kaɗai.

24. In ba ki son fondan, ki bar shi. Gaskiya mutane da yawa ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Kirim mai launi da bakin matsi mai siffar tauraro zai rufe kek duka, ɗigo kusa da ɗigo, kuma yana yafe kuskure fiye da fondan. Gogaggiyar kwakwa da aka rina kore ta zama ciyawar filin ƙwallo, dakakken biskit ya zama yashi.

25. Tsare shi daga kiyashi da ƙura da 'yan yatsu. Sa shi a babban kwali mai murfi, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Ƙafafun teburin ki tsoma su a gwangwanayen ruwa, kiyashi ba ya ƙetarewa. Ƙofar ɗakin kuma a rufe, kin san dalili.

26. A mota, ƙasa zai zauna. Kujera a karkace take, cinya kuma motsi take yi ga ɗumi. Shimfiɗa tawul mai ɗan danshi ko tabarmar roba a wuri miƙaƙƙe, ki ɗora kwalin, a kunna sanyi in akwai, direba ya bi ramuka a sannu. Kayan ado masu tsayi ki riƙe su daban, tare da ragowar kirim da guntun fondan da ƙaramar wuƙa, ki ƙarasa a can. In a Keke Napep za a tafi, a fita da sassafe ko bayan la'asar.

27. Ki tsaya a wurin yankawa. A ɗau hoto tukuna, sannan a cire kayan ado, a yanka daga hawa na sama, a ɗauke kwali, a zare ginshiƙai kafin a shiga na ƙasa. Tun kina gini ki rubuta adadin tsinke da sanda da robar da kika soka. In ba za ki samu zuwa ba, manna takardar a jikin kwalin, ki gaya wa mai yankawa da bakinki ta ƙirga su sun cika kafin a miƙa wa yaro ko da yanka ɗaya.